Abin da Malama Ta Bari a Kalanda

Ni a sana'ata ta gyaran kwamfuta babu abin da ke ba ni haushi kamar a ce mini, "Allon kawai za ka duba." Wane mai gyara ne zai duba allo kawai? Hannu ƙaiƙayi yake yi. Ka ga abu a karkace, ka san yadda ake miƙe shi, sannan a ce ka kau da kai. Haka nake tunani a da, kuma wannan ƙaiƙayin hannun ne ya ja mini abin da har yau ban manta ba.

Sunana Hafizu. Shagona yana kan hanyar Zango a nan Daura, tsakanin mai facin taya da wani mai sayar da takin zamani. Wata Laraba cikin watan Zulƙida, damina ta kusa ɗaukewa, an fara yankan gero, sai ga Malam Audi Auta ya tsaya a bakin ƙofata. Shi ya koyar da mu lissafi a firamare. Dogo ne siriri, kuma har ya tsufa bai daina duban mutum ta saman tabarau ba, kamar ya kama ka kana satar amsa.

"Hafizu, an ce kai ne likitan waɗannan abubuwa. Kai da sau bakwai ya gagara."

Na ce, "Malam, ai yanzu na'ura ke yi mana sau bakwai ɗin."

"Allah Ya kyauta. Ka zo gida ka duba mini allo. Rubutun rawa yake yi, idona har ruwa yake kawowa."

Da la'asar na je gidansa a Tudun Wada. Matarsa ta rasu shekara uku baya, bai ƙara aure ba duk da surutun dangi. Hasana, 'yar wansa, ita da mijinta suna zaune a ɗaya sashen, ita ke kai masa abinci. Kwamfutar tana kan wani tebur a falo, an lulluɓe ta da ƙyalle mai saƙar hannu. Ta marigayiyar ce. Kowa a unguwar Malama yake kiranta, har shi Malam ɗin, don ni ban taɓa jin sunanta na yanka ba. Ta yi shekaru tana buga takardu a ofishin rajistar wata kotun shari'a, daga tafireta har aka koma kwamfuta. Da ta yi ritaya ɗansu Zakiyyu, da ke aiki a Kaduna, ya haɗa mata wannan, ya sa musu sola don kada ɗaukewar wuta ta dame su.

Allon kam ya gaji. Irin mai ƙusumbin nan ne na da, wanda mutum ɗaya ba ya ɗauka sai da nishi. Farin shafi ya koma kalar kunun tsamiya, gefen hagu ya dushe, layuka suna karkarwa. Na ce masa wannan ba gyara yake so ba, hutu yake so.

Washegari na kawo masa shafaffen allo. Na nuna masa yadda ake gane mai kyau, don ina son mutum ya san abin da aka ba shi. Ka buɗe farin shafi ka ga ko farin fari ne tas, babu ɗigon baƙi ko ɗaya. Ka buɗe baƙi ka ga ko haske yana tsiyaya ta gefe. Ka matsa dama, ka matsa hagu, ka ga ko kalar ta canza. Sannan ka karanta ƙaramin rubutu, in ka ji kana tsuke ido, ka mayar wa mai shi kayansa. Na juya teburin don kada allon ya fuskanci taga, na rage hasken, na ce masa haske mai yawa ba shi ne kyau ba, shi ne ma ke gajiyar da ido.

Da na tsaya a nan, da babu labari. Amma na ga na'urar tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Zakiyyu ya sa mata manhajar nan ta kyauta wadda ake iya canza mata fuska, wato desktof, shimfiɗar da kake gani in ka kunna, inda ƙananan alamomin da ake dannawa da agogo suke. Fuskar da ke kai mai nauyi ce, ga ado barkatai. Ni kuwa ina da wata mara nauyi a filashina, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, wadda nake ji da ita kamar ni na ƙera ta. Malam ya fita alwala, ni kuma na ɗora ta, na ƙara girman haruffa, na share tarkacen da ke tashi tare da na'urar. Kafin ya dawo ta zama kamar sabuwa, kana taɓa abu yana buɗewa.

Ban tambaye shi me yake yi da kwamfutar ba. Mu masu gyara ba mu cika tambaya ba. A raina na yanke cewa tsoho ne, ƙila karatun Alƙur'ani yake saurara, ko hotunan jikoki yake kallo. Ya dubi allon ya ce, "Ya yi haske." Na tafi ina jin kaina gwani.

Kwana tara a tsakani sai ga shi a shagona da hantsi. Wannan karon babu zolaya. Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba.

"Hafizu, Malama ta daina magana."

Na dube shi da mamaki, don matarsa ta shekara uku a kabari. Ya lura.

"Ban haukace ba. Saurara dai."

Sai ya faɗa mini abin da ko 'ya'yansa ba su san zurfinsa ba. Tun kafin Malama ta kwanta ciwo mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli ne da tabarau, daga baya ya zama ranaku da alƙawura. Ita ta fara ganewa, kuma ta rufa masa asiri. Da ta ga ciwonta ba na tashi ba ne, sai ta zauna a gaban kwamfutar nan wata da watanni tana cika kalanda. Kullum bayan Asuba na'urar za ta yi ɗan ƙara, rubutu ya fito: ya sha maganin hawan jini. Ƙarfe bakwai wani ya fito: ya ciro ƙaramin littafin da ke aljihunsa na hagu ya karanta abin da ya rubuta jiya. Duk alƙawarin da aka yi da shi a littafin yake rubutawa, amma tuna cewa akwai littafin shi ne aikin. Da haka ya yi shekara uku yana zuwa suna da jana'iza a kan lokaci, mutane suna cewa Malam Audi bai tsufa ba.

"Ranar Asabar aka ɗaura auren jikar wana a Zango," in ji shi. "Ni ne waliyyi. Yana nan a littafin, da hannuna na rubuta. Mutane suka cika masallaci suna jirana, ga goro ga alewa, liman yana duba agogo. Ni kuwa ina gona ina kallon masu yankan gero, na bar wayata a gida. Sai wani aka wakilta."

Kunya ta rufe ni. Na san abin da ya faru tun kafin ya rufe baki. Manhajar tunatarwar tare take da tsohuwar fuskar, ita ke tayar da ita. Na canza fuska, na share masu tashi da kansu, na toshe wa matar baki da hannuna.

"Zakiyyu ya ji labari," Malam ya ci gaba. "Ya ce da Babbar Sallah zai zo ya gani da idonsa. In ya ga ba na riƙe da kaina, zai tafi da ni Kaduna. Me zan yi a Kaduna? A nan aka haife ni. Masallacina nan, gonata nan, ita ma nan take kwance. Ka dawo mini da ita, Hafizu, in kai Sallah ba tare da na sake yin abin kunya ba."

Na rufe shago muka tafi. Abin takaicin shi ne gyaran bai kai minti biyar ba. Allah Ya taimake ni ban goge tsohuwar fuskar ba, tana nan a ajiye. A wurin shiga na zaɓe ta, na mayar da abin da na cire. Na'urar ta yi ɗan nishinta na da, sai ƙara ya fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, tunatarwar kwana tara suka jeru a sabon allon. Na kai hannu zan rufe su gaba ɗaya, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya bi su ɗaya-ɗaya yana karantawa, har waɗanda lokacinsu ya wuce. "Malam, magani." "Malam, aljihun hagu." "Malam, yau Juma'a, farar rigar tana saman akwati." Yana karantawa yana gyaɗa kai kamar ana yi masa magana daga ɗaki.

Da ya tashi zuwa Azahar na ce bari in yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kwafi kalandar a filashi don kada wata rana wani mai iyayi irina ya ɓatar da ita. Na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin na'urar, wanda ke riƙe kwanan wata, don in ya mutu sai kwamfuta ta farka a wata shekarar daban, tunatarwa duk ta rikice. Sannan na buɗe kalandar in tabbatar komai yana nan.

A nan na ga aikin matar. Abin kullum da na mako-mako na'ura ta iya maimaitawa da kanta. Amma in ka ce mata duk shekara, da watan Bature take lissafi, ba ta san ana fita duban jinjirin wata ba. Rayuwar Malam kuwa rabinta a kan watan Musulunci take: azumi, zakkar kono, ranar da yake kai gero masallaci sadaka ga mahaifinsa, ziyarar da yake kai wa yayarsa a Baure duk Rajab. Malama ta saba da rubuta ranar zaman kotu da kalanda biyu, don haka ta bi su da hannu, shekara bayan shekara, tana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya. Kowanne ta sa shi kwana biyu a jere, ta rubuta, "Ko yau ko gobe, ka saurari rediyo ka ji ko an ga wata." Babu kuskuren bugu ko ɗaya.

Na ci gaba da matsawa gaba. Zulƙida, Zulhajji, jajibiri, ranar Sallah, "Malam, wuƙaƙen suna bayan randa, ka ba mijin Hasana ya wasa." Sai na zo kwana uku bayan Sallah, ƙarfe goma na safe. Wannan ya fi sauran tsawo.

"Malam, Zakiyyu yana gida yanzu. Na lissafa, iya nan zan iya riƙe ka. Abin da ke gaba ya fi ƙarfin rubutu, sai mutum. Ka bi shi. Kada ka yi gardama, na san halinka."

Daga ranar kalandar fara ce fat. Hatta maganin safe da aljihun hagu ta sa musu ranar tsayawa, kuma ranar ce.

Na daɗe zaune ina kallon rubutun. Ga mutum ya roƙe ni in taimake shi ya zauna a gidansa, ga shi ni na jefa shi cikin wannan halin. Danna maɓalli ɗaya zai goge saƙon. Cikin awa guda zan iya cire ranar tsayawar, in kwafi na bara in ja da baya da kwana sha ɗaya, in ƙara masa shekara biyu ko uku. Babu wanda zai sani. Har na ɗora 'yar kibiyar nan ta allo a kan saƙon. Amma na tambayi kaina, ni na san inda farar rigar za ta kasance baɗi? Na san ranar da zai karanta "aljihun hagu" ya rasa me ake nufi? Matar da ta zauna da shi shekara arba'in da wani abu ta auna ta ce nan ne iyaka. Ni kuwa na shiga falon sau uku, a na biyun na yi ɓarna. Na ji motsin buta a tsakar gida, na rufe kalandar, na mayar da ƙyallen.

Makonnin da suka biyo baya Malam ya koma daidai. Ya je Zango da kansa ya ba da haƙuri, ya kai wa amarya tukwane. Ya halarci suna biyu. In ya wuce ta gaban shagona sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sau bakwai!" Ni kuwa dariyar ba ta kai mini ciki, don kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage.

Ranar ta zo. Na je gaisuwar Sallah da hantsi, da gangan na zaɓi lokacin. Gidan cike da ƙamshin suya, Hasana tana juya nama a kasko. Zakiyyu, wanda ya girme ni da aji uku a makaranta, ya ja ni zaure.

"Hafizu, kwana huɗu ina lura da Baba. Ban ga komai ba. Maganinsa ma shi ke tuna wa kansa. Ina ganin na Zango tsautsayi ne kawai. Zan bar shi, tunda nan yake so."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Muka koma tsakar gida. Malam yana kan tabarma yana ba jikokinsa labarin wani hedimasta mai tsoron ƙadangare. Sai ɗan ƙaran ya taso daga falo. Ya ce, "Ina zuwa," ya miƙe da sauƙinsa ya shiga.

Ya daɗe. Har naman da Hasana ta ajiye masa ya huce, ta ɗora faranti a kai saboda ƙuda. Da ya fito ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya tsaya a ƙofar falon.

"Zakiyyu, yaushe za ka koma?"

"Jibi, Baba, in Allah Ya kai mu."

"To ka rage mini wuri a motar."

Zakiyyu ya dube shi, ya dube ni. "Baba, ai na ce ba sai..."

"Na ji abin da ka ce. An ce kada in yi gardama, kai ma kada ka yi. Hafizu, zo."

Na bi shi falo. Saƙon yana nan a allon, baƙi a kan fari, babu rawa babu dushewa. A raina na ce da tsohon allon ne da wataƙila bai karantu haka tas ba.

"Ka gan shi tun ranar, ko?"

"Na gani, Malam."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin duban nan na aji biyar. "Yau dai ka bar abu yadda ka same shi."

Ya zauna a gefen kujera. Ya tambaye ni ko na'urar za ta yi aiki a Kaduna, na ce za ta yi, ni zan naɗe ta da kaina. Ya tambaya ko akwai wani saƙon a gaba. Na ce babu, wannan ne na ƙarshe. Ya jinjina kai, da alama ya riga ya sani.

"To rubuta mini ɗaya. Kullum, bayan Asuba. Kada ka sa masa ranar tsayawa."

Na buɗe kalandar, na zaɓi kullum, na bar gurbin ƙarshen babu komai. Na ɗora yatsu a kan maɓallai ina jira. Har na ɗauka ya manta abin da zai faɗa. A waje jikokin suna rigima a kan ƙashin rago. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu bai taɓa kiran matarsa da sunanta a gaban kowa ba, saboda kunya irin ta mutanen da, ya share murya, ya sunkuyar da kai.

"Rubuta, matarka sunanta Adama. Ka yi mata addu'a."

Na buga. Ya matso ya karanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda yake duba mana jarrabawa.

"Ƙara girman rubutun," in ji shi.

Na ƙara.